Bolum ko enkoda: wanne ya dace da injin ƙyanƙyasa?

Malam, ka ce kana haɗa injin ƙyanƙyasar ƙwai a Kura da Arduino Uno (ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa injin) da allon nuna lamba huɗu na TM1637, kana son sanin abin murɗawar da za ka sa don saita zafi, ko bolum irin na rediyo ko enkoda KY-040. Ni dai enkoda zan ce, ko da yake bolum ma yana da tasa hujjar.

Bolum ƙafa uku gare shi, ta tsakiya ce ke zuwa ƙafar Arduino mai suna A0, Arduino kuma ya karanta ta daga 0 zuwa 1023. Idan ka raba wannan tsakanin digiri 35.0 da 40.0, kowane digiri 0.1 zai sami kusan 20 daga cikin lambobin, ya isa har da saura. Babban amfaninsa shi ne ba ya mantuwa, domin ko batirin sola ya mutu cikin dare, da wuta ta dawo Arduino zai tarar da hannun bolum inda aka bar shi. Sai dai lambar takan yi rawa tsakanin 37.5 da 37.6, musamman idan ƙurar hunturu ta shige shi, kuma duk yaron da ya taɓa shi ya sauya zafin ke nan nan take, alhali ƙwan kaza kwana 21 yake buƙata ba tare da tangarɗa ba.

Enkoda kuwa ba shi da ƙarshe, juyawa yake yi ɗas-ɗas, galibi sau 20 a zagaye ɗaya, kuma Arduino yana gane dama da hagu ne ta lura da wadda ta riga motsi tsakanin ƙafafun enkodar guda biyu, CLK da DT. Ka haɗa su a ƙafa ta 2 da ta 3 na Arduino, domin su ne a Uno ke iya katse aikin da ake ciki don kada taku ya wuce ba a ƙirga ba. Idan lamba tana tsalle biyu-biyu, ƙaramar kafasita mai lamba 104 daga kowace ƙafa (CLK da DT) zuwa GND, wato nagatif, tana rage matsalar. Aibinsa shi ne da an ɗauke wuta ya manta komai, don haka dole a adana lambar a EEPROM, ma'ajiyar Arduino da ba ta gogewa in wuta ta ɗauke, wanda ke jure rubutu kusan sau 100,000, saboda haka a riƙa rubutawa lokacin da aka danna hannun enkodar kaɗai, tunda shi ma maɓalli ne.

Wannan dannawar ce ta sa na fifita shi: ka tsara cewa sai an danne maɓallin, wato SW, na daƙiƙa uku kafin murɗawa ta yi aiki, in ba haka ba yara su murɗa har su gaji.

Idan ka shiga kasuwar Sabon Gari sayen allon, ka duba da kyau, domin da yawa irin na agogo ne masu ɗigo biyu a tsakiya, kai kuwa mai ɗigo a ƙasan kowace lamba kake buƙata don 37.5 ta fito daidai.