Gonar shayin Djuttitsa: wurin ya biya, ɗan jagoran ne sai a hankali

Ga wanda ba shi da lokacin dogon karatu, gonar shayin Djuttitsa da ke saman garin Dschang, a yankin Yamma na ƙasar Kamaru, ta cancanci mutum ya baro Garwa ya je ya gan ta da idonsa. Amma tsarin nan na "biya sau ɗaya mu ɗauke maka komai" da wani matashi ke tallatawa a Facebook, wanda ni da Kawuna muka saya, rabinsa ne kawai ya yi mana rana. Ɗaya rabin, in ka yi da kanka zai fi maka araha, ya kuma fi maka mutunci.

Dalilin zaɓen Djuttitsa a fili yake. Manyan gonakin shayin Kamaru huɗu ne da aka sani: Tole a gindin dutsen Buea, Ndu da aka fara a 1957, Ndawara, sai ita Djuttitsa. Tole da Ndu da Djuttitsa a da duk suna hannun kamfanin gwamnati na CDC, har zuwa 2002 da aka sayar da su suka koma Cameroon Tea Estates, kamfanin da ake dangantawa da Alhaji Baba Ahmadou Danpullo, wanda kuma shi ne mai Ndawara. To, Tole da Ndu da Ndawara suna yankunan masu magana da Turancin Ingilishi, inda rikici ya ɓarke tun ƙarshen 2016, kuma ba wanda zai ɗauki dattijo ya kai shi can don yawon buɗe ido. Djuttitsa ce kaɗai ke ɓangaren da ake shiga a fita da kwanciyar hankali. Masu 'yan'uwa a Najeriya kan ce ai ga ta Kakara a tsaunin Mambila, kusa da Gembu. Gaskiya ne, amma wannan sai an tsallaka iyaka.

Hanya ba sai na daɗe a kanta ba, kowa ya san ta: mota zuwa Ngaundere, jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, sannan mota zuwa Bafusam. Mai ƙarfin baya zai iya yanke ta Tibati da Banyo ya faɗa Fumban, ni dai ban ba wa mai shekarun Kawu wannan shawara ba. Katin ɗan ƙasa ya zauna a aljihun gaba, don jandarmomi ba sa gajiya da tambaya.

A Bafusam aikin ɗan jagora ya fara, kuma a nan ɗin ne aka fara saɓa alkawari. Abin da muka biya, jaka 35 ta sefa kowane mutum, an ce ya haɗa mota mai ƙarfi ta hawan dutse, ɗaki mai ruwan zafi, abinci na halal, da izinin shiga masana'anta. An ce mu shirya bayan Asuba. Muka yi salla, muka zauna a bakin masauki da jakunkunanmu har rana ta take, wayarsa kuma in ta shiga sai ya ce "ga ni nan a kwana." Da ya iso, motar hawan dutse ta rikiɗe ta zama ƙaramar tasi, an riga an cusa wasu baƙi biyu a ciki. Kawu ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "Yaro, wannan ce za ta hau dutsen, ko mu ne za mu hau da ita?" Bai yi ƙarya ba. Daga Dschang zuwa sama, inda kwalta ta ƙare jar laka ta karɓa, tasi ta ce ba da ita ba. Sai masu babur aka nemo, kuma kuɗinsu daga aljihunmu ya fito, wai "ba ya cikin lissafi."

Wannan lattin ba ƙaramar asara ba ce, kuma shi ne babban abin da nake so mai niyyar zuwa ya riƙe. Gonar shayi ta safe ce. Da sassafe ake tsinka, kuma a ƙarshen damina da muka je, rana na karkatawa hazo ke saukowa ya rufe komai, sai ruwa ya biyo baya. Ranar farko abin da muka tarar ke nan: fari fat, sanyi na shiga ƙashi, ba ka ganin abin da ya wuce taku goma. Dole muka koma Dschang muka kwana, muka sake hawa washegari.

Ɗakin kwana ma haka. Ruwan zafi bokiti ɗaya ne da aka kawo bayan an yi ta roƙo, bargo kuwa shara-shara. Dschang tana kan tudun da ya kai kusan mita 1,400, Djuttitsa ta haura 1,800, Garwa kuwa ko 300 ba ta kai ba. Jikin da ya saba da zafin Maris na bakin Binuwai ba ya wasa da wannan bambanci. Alwalar Asuba a can sai mai imani. Ba mamaki Faransawa suka gina wurin hutunsu na Centre Climatique a garin a shekarun 1940, lokacin da yaƙi ya hana su komawa gida hutu; su sanyin suke nema, mu kuwa shi muke gudu. A tafi da rigar sanyi mai kauri, da safa, da hula mai rufe kunne, da takalmin roba in da hali.

Maganar abinci ita ta fi ɓata mini rai. Wurin da ɗan jagoran ya kai mu da dare, tun daga ƙofa ka san ba namu ba ne: kwalabe a kan kowane tebur, naman alade a kan wuta. Ba laifin masu wurin ba ne, garinsu ne, abincinsu ne. Laifin wanda ya karɓi kuɗin Musulmi ne ya rubuta "halal" a tallarsa. Muka fita ba mu zauna ba. Wani mai babur ya kai mu wajen masu tsire 'yan Arewa, muka ci nama da burodi, aka nuna mana masallaci, har wani dattijo ɗan Marwa ya aiko mana da tuwon masara da miyar kuka daga gidansa don kawai ya ji muna Hausa. Kusan duk babban gari a Kudu akwai unguwar Hausawa. Ka tambaye ta tun da rana, ka huta.

Yanzu ga abin da ya sa duk da haka nake cewa a je.

Da muka hau da safe, hanya ta ratsa gonakin dankalin Turawa da kabeji da karas na mutanen Bafou, sai ga shayin ya buɗe gaba ɗaya, tudu bayan tudu, kore shar, an daidaita samansa iya ƙugu, itatuwan turare sun yi masa iyaka, duwatsun Bamboutos a bayansa da shanun Mbororo a gefensu. Hoto ba ya ɗaukar faɗin wurin. Amma in don kallo ne kawai, minti talatin ya ishe ka. Abin da ya riƙe mu shi ne masu tsinka.

Yawancin waɗanda muka tarar mata ne, kowace da kwando a baya, ta ɗaura leda mai kauri daga ƙugu zuwa gwiwa saboda raɓa da ƙaiƙayin rassa. Wata mai kimanin shekarun innata ta yarda muka tsaya kusa da ita. Ta aza doguwar sanda a kan itacen, duk abin da ya ɗago sama da sandar shi take ɗauka, abin da ke ƙasa ba ta taɓa shi. Hannu biyu ke aiki lokaci ɗaya, babban yatsa da manuni, ƙas-ƙas-ƙas, in tafin ya cika ta wurga ta kan kafaɗa ba tare da ta waiwaya ba, kuma ba ya faɗuwa ƙasa. Ganye biyu na sama da ɗan tohon da bai buɗe ba, shi ke nan. Gefen yatsunta ya yi baƙi ya tsattsage. Ta miƙa wa Kawu toho ɗaya ta ce da Faransanci, "Alhaji, gwada." Can duk mai babbar riga Alhaji ne. Kawu ya gwada, ya finciko har da tsohon ganye da guntun reshe. Ta karɓa ta zubar tana dariya, ta ce irin wannan in ya yi yawa a kwando, a wurin awo za a sa ta zauna ta tsince shi. Da kilo ake lissafa aikinta, don haka duk mintin da ta ba mu daga cikin abincinta ta ba mu. Wanda zai tsayar da su don hoto ya san da wannan: a yi sallama, a nemi izini, a taƙaita, a kuma sa hannu a aljihu.

Shi itacen, in an ƙyale shi, bishiya yake zama mai tsawon mita da yawa. Datsa shi ake yi a kai a kai don ya tsaya inda hannu zai kai, ya kuma riƙa fitar da sabon toho, sai a dawo kansa bayan mako ɗaya ko biyu. Yana son ƙasa mai tsami, da ruwan sama mai yawa da ba ya yankewa na tsawon watanni. Kawu, wanda ya shafe rayuwarsa a teburin shayi, ya so ya ɓoye ɗan reshe a aljihu ya kai gida ya dasa. Mataimakin ɗan jagoran ya ce masa, "Baba, ko ka kai shi, ranin farko zai kashe shi." Sanyin tudun ma yana da aikinsa: ganyen ba ya saurin girma, shi ya sa ɗanɗanonsa ke taruwa.

Wannan mataimaki, in za a yi adalci, shi ne alherin da muka samu a cikin kuɗinmu. Ɗan yankin ne, yana jin Yemba, harshen mutanen wurin, da Faransanci, da Fulatanci daidai gwargwado, kuma shi ya yi zirga-zirgar da ta sa aka bar mu muka shiga masana'anta. Wurin aiki ne, ba a faɗa masa kai tsaye, sai an nemi izini tun kafin a zo. In akwai abin da ya cancanci a biya wani a kansa, to wannan ne.

A ciki, abin farko dogayen kwamaye ne da aka baza ɗanyen ganye a kansu, fanka na hura iska ta ƙasa. A nan yake kwana ya yi laushi, ruwan jikinsa ya ragu. Daga nan sai injin da ke murje shi ya yayyanka, ƙara kuwa sai ka ɗaga murya kafin na kusa ya ji ka. Mataki na gaba shi ya tsayar da ni. Murjajjen ganyen ana shimfiɗa shi iska ta shige shi, kana tsaye kana kallo yana barin kore yana komawa ja, kamar kwaɓaɓɓen lalle a tafin amarya, ƙamshin ɗakin kuma yana juyawa daga na ɗanyar ciyawa zuwa wanda hancinka ya sani. Ba a zuba masa komai, ba rini, ba sinadari. Idan ya kai inda ake so, sai a tura shi cikin na'urar busarwa, zafi ya tsayar da aikin, ya fito baƙi. Sai rariya iri-iri ta raba manya da ƙanana da gari. Kilo huɗu zuwa biyar na ɗanye ke ba da kilo ɗaya na busasshe. Ka tuna kwandon matar nan ka yi lissafi.

A nan ne Kawu ya yi tambayar da ta fi tawa. Ya ce, "To koren da muke dafa ataya da shi, ina gonarsa?" Aka ce masa ai itace ɗaya ne. Shi kore, da an tsinko ake ba shi zafi don kada ya juya. Baƙin kuwa barinsa ake yi ya juya tukuna. Na atayar da ke kasuwanninmu daga Sin ake shigo da shi. Kawu ya yi shiru, sannan ya ce shekara da shekaru yana gaya wa masu zama a bencinsa cewa iri biyu ne, kuma ba wanda ya taɓa musa masa.

Ɗanɗano a can ba irin namu ba ne. Ƙananan kofuna a jere, ba sukari ba madara, a ɗiba da cokali a zuƙa da ƙara, a juya a baki, a tofar. Ni na bi yadda aka nuna. Kawu ya haɗiye nasa ya ce, "Ɗana, abin da aka sha wannan wahala a kansa ba a tofar da shi."

Shawarata ga mai zuwa: ka kai kanka Dschang, ka kama ɗakin da ka gani da idonka ka taɓa bargonsa, ka nemi ɗan gari ya shirya maka izini, ka yi ciniki da mai babur tun da dare ya zo maka bayan Asuba. Kada ka biya kowa duka kuɗi a gaba ta waya. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Ka tambaya ko ana tsinka a ranar da za ka hau, don in ka dace da ranar hutu ganye kawai za ka kalla. Nuwamba ta fi, ruwa ya ja baya, ƙura ba ta riga ta rufe duwatsu ba. Mai ciwon gwiwa ko asma ya yi tunani sau biyu, ƙananan yara kuma za su gaji tun kafin a kai masana'anta. In rana ta rage, gidan tarihin Musée des Civilisations da ke bakin tafkin garin ya isa a ba shi awa biyu.

Shayin da muka sayo kuwa an gwada shi a teburin Kawu. Yana da ƙarfi, yana ba da launi da wuri, kuma yana ɗaukar madara ba tare da ya mutu ba. In ya daɗe a wuta yana ɗaci, don haka ba ya son a bar shi yana tafasa a buta tun safe yadda aka saba; a zuba masa tafasasshen ruwa, a ba shi minti huɗu ko biyar, a tace. Masu shan shayi da madara da burodi sun yaba. 'Yan ataya sun ce ba ya kumfa, ba su kuma sake nema ba. Direbobin Cadi masu son ja mai sukari da yawa su suka fi kowa shan sa, har ɗaya ya tambayi ko za a sayar masa da ƙulli. Kawu ya riga ya yi magana da wani mai kai albasa Bafusam ya riƙa taho masa da katan biyu in zai dawo.