Ubuntu Pro ko ƙaura zuwa 24.04: wanne ya fi wa rumbun bayananka?

Ɗan'uwa, ka ce sabarku tana kan tsarin aiki na Ubuntu 20.04 da manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL 12, kana tambaya ko ka kunna Ubuntu Pro, wato tsarin tsawaita tallafin tsaro, ka zauna, ko ka koma 24.04. Ka kuma tambaya ko dole a taɓa kwamfutocin da ke haɗuwa da sabar.

Masu PostgreSQL sun daina yi wa 12 gyara tun Nuwamban 2024, tallafin kyauta na 20.04 kuma ya ƙare a Mayun 2025.

Idan ka zauna da Pro, Canonical, kamfanin da ke yin Ubuntu, za ta ci gaba da turo facin tsaro har 2030. Ba ka sauya komai, manhajarka ba ta san an yi wani abu ba, kuma kyauta ne a kan kwamfuta biyar in amfanin kanka ne. Sai dai facin nan ba daga masu rumbun yake fitowa ba, ɗinki ne ake ɗauko wa tsohuwar riga daga sabuwa, kuma manhajoji da yawa sun fara juya wa 12 baya.

Ƙaura ta fi wahala. Babu tsallake daga 20.04 zuwa 24.04 kai tsaye, sai ka bi ta 22.04. Shi ya sa ni na fi son a girka sabuwar saba mai 24.04 gefe guda, a kwashe bayanai da pg_dump, kayan aikin kwafe bayanai na PostgreSQL, a zuba su a PostgreSQL 16, a gwada sosai kafin a kashe tsohuwar. Ka yi amfani da pg_dump na 16, don sabo yana karanta tsohuwar saba, amma tsoho ba ya yarda ya taɓa sabuwa. Ladan wahalar shi ne 16 na da tallafi har Nuwamban 2028.

Batun kwamfutocin ma'aikata kuwa, kada ka yi sakaci. Ramin tsaron da aka toshe a Fabrairun 2025, mai lamba CVE-2025-1094, a cikin libpq da psql yake, wato ɓangaren PostgreSQL da ke kan kwamfutar da ke haɗuwa da saba. Ko ka sabunta saba, duk injin da ke da tsohon libpq yana nan a buɗe.

Shawarata, kunna Pro yau ɗin nan, sannan ka sa ranar ƙaura kafin shekara ta fita.