Rigar ruwa mai soso ta yi, amma ku duba lambar jikinta

Jama'a masu tsallake ruwa a kwale-kwale ta wajen Yawuri ko Mokwa, ga ra'ayina kan rigar ruwan nan mai soso, kalar ruwan lemo, mai ɗan usur a kafaɗa. Na saya na gwada ta a rafi, gaskiya ta yi.

Wasu na mamaki wai ta yaya ɗan soso zai riƙe ƙaton mutum mai kilo 80, to ai ba nauyinka duka take ɗauka ba, shi ruwan da kansa yana turo ka sama daidai nauyin ruwan da jikinka ya ture, abin da wani masanin ƙasar Girka mai suna Archimedes ya gano kenan tun sama da shekara 2000, kuma dama jikin ɗan Adam kusan nauyinsa ɗaya da ruwa, ɗan ƙari kawai ake nema don kai ya tsaya a sama. Tawa an rubuta 100N a jiki, wato tana ɗaga kamar kilo 10 a cikin ruwa. Mai 50N kam ta wanda ya iya iyo ce kusa da gaɓa, don Allah kar a sa wa yaro ita a tsakiyar kogi.

Inda ta ban haushi akwai zafi sosai da rana, sannan igiyar tsakanin ƙafa siririya ce, alhali in ba a ɗaure ta ba rigar tasowa take ta rufe maka kunne. Kuma ku daina zama a kanta cikin jirgi, soson lotsewa yake, iskar cikinsa ta ragu, ƙarfin ɗagawar ma ya tafi.