iPhone 11 a Birnin Kebbi: wayar ta yi, amma masu tsiya suna da hujja

iPhone 11 ta hannu nake riƙe da ita tun bara, kuma a kan aiki ba ni da ƙorafi. Kyamararta na fitar da fuska tas ko da hasken magariba ne, ba ta daskarewa in na haɗa WhatsApp da manhajar banki, kuma duk da a 2019 ta fito, kana riƙe ta ka san an ƙera ta da natsuwa. Ranar sayarwa ma tana riƙe kuɗinta.

Sai dai fito da ita a majalisarmu ta Gesse, nan take wani zai ce, "Alhaji, an shiga sahun 'yan ƙarya ke nan?" Masu iPhone kan ce hassada ce. Ni ban yarda ba. Abin da ke ba mutane haushi da Apple, kamfanin da ke ƙera iPhone, shi ne ya rage maka abu, sannan ya hau dandamali yana jiran godiya, kamar ɗan kasuwar da ya rage mudu ya ce don lafiyarka ya yi. A 2016 ya toshe ramin abin saurare a iPhone 7, ya fito da AirPods, abin saurare marar igiya, na sayarwa. A 2020 ya cire kan caja daga kwali, wai don kare muhalli. A ƙarshen 2017 ya amsa cewa yana rage saurin wayoyin da batirinsu ya tsufa, bayan masu amfani sun gano da kansu. Faransa ta ci shi tarar Yuro miliyan 25 a kai. Ita ma cajar USB-C da Tecno da Infinix suka daɗe da ita, sai a 2023 ta zo a iPhone 15, bayan Tarayyar Turai ta kafa doka.

Ga kuma namu na nan. Kamfanin da kansa ya ce wayar ta fi son zafin da bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa a watan Afrilu 40 muke tsallakewa. Ba shi da shagonsa na kansa a Najeriya, gyara a garin nan sai wajen yaran kasuwa.

In za ka sayi ta hannu, duba lafiyar batir, ka sa mai ita ya fita daga iCloud, wato asusunsa na Apple da ke kan wayar, a gabanka. Kuma iPhone 14 ta Amurka ba ta da wurin sa sim, sai eSIM, wato layin da ake saukewa cikin waya ba tare da kati ba, ka tambaya kafin ka ƙirga kuɗi.