Hattara da masu sayar da sunan shafin intanet "na har abada" a Yamai

'Yan'uwa 'yan kasuwa, akwai wata cuta da ke yawo tsakanin Katako, Wadata da Babbar Kasuwa, kuma mutanen kirki na ta faɗawa cikinta. Wasu samari ne ke bin shaguna da kwamfuta a jaka, bakinsu kamar zuma, su ce za su buɗe maka shafin intanet da sunan kasuwancinka mai .com a ƙarshe, ka biya sau ɗaya ya zama naka har abada. Wannan magana ƙarya ce tun daga tushe.

Babu inda ake sayar da sunan shafi na dindindin. Haya ce irin ta rumfar kasuwa: shekara-shekara ake biya, kuma wanda sunansa ke kan takarda shi ne mai rumfa, ko da daga aljihun wani kuɗin suka fito. Kamfanin Verisign na Amurka ne ke riƙe da babban kundin sunayen .com, masu yi wa jama'a rajista kuwa, irin su OVH, Namecheap da GoDaddy, da izinin ICANN, hukumar da ke kula da sunayen intanet, suke aiki. Iyakar abin da mutum zai iya biya a gaba shekara 10 ne. Kuɗin shekara ɗaya yawanci tsakanin dalar Amurka 10 da 20 ne, wajen jika 6 zuwa 12 ke nan a kuɗinmu. Aikin gina shafin daban ne, yana da nasa farashin, wannan halak ne. Sunan nake magana.

Ta ina suke kama mutane? Da yawa daga cikinmu ba su da katin banki na sayayya ta intanet. Sai ka tura wa yaron kuɗi ta waya, shi kuma ya je ya yi rajistar shekara ɗaya tak, da imel ɗinsa da lambar wayarsa. Ya kawo maka shafi yana sheƙi, ka yi murna, ka sa masa albarka.

Wata Hajiya mai turaren wuta da humra, maƙwabciyar shagona, haka aka yi mata. Ta buga sunan shafin a jikin kwalabe, a leda, a allon ƙofar shago, har a katin da take sakawa cikin kayan da take aikawa Agadas da Damagaram. Shekara na zagayowa shafin ya ɗauke, duk wanda ya buɗe sai ya tarar da fili fari da 'yan tallace-tallace da Turanci. Ta kira yaron. Ya ce: "Hajiya, kamfani ne ya rufe, sai an biya jika 150 kafin a buɗe." Ta ce ai ta biya na har abada. Ya ce ta nuna takarda. Ba ta da komai sai hirar WhatsApp. Na gan ta zaune tana kankare tambarin kwalabe ɗaya bayan ɗaya da wuƙa, wallahi raina ya ɓaci.

Abin da ya fi ba ni tsoro ma shi ne abin da ke biyo baya. In wa'adi ya cika ba a biya ba, akwai ɗan jinkiri da kamfanin rajista ke bayarwa, sannan kwana 30 da za a iya fanso sunan amma da tara mai tsada, sannan kwana 5, daga nan a sake shi ga kowa. Duk wanda ya riga ya ɗauka, nasa ne. Zai iya buɗe imel iri ɗaya da wanda kake amfani da shi, saƙon abokan cinikinka na Kwatano ko Lome ya riƙa faɗawa hannunsa, ya ba su lambar da za su tura kuɗi da sunanka. Takardunka na rajistar kasuwanci (RCCM) da lambar haraji (NIF) ba sa tsare maka suna a intanet.

Akwai kuma masu aiko saƙo cewa sunan shafinka zai mutu gobe, ka danna nan ka biya. Kada ka danna.

Ban ce kowane yaro mai gina shafi macuci ne ba. Na san masu gaskiya da ke cin guminsu, kuma da abu ɗaya za ka gane su: ba sa jin haushi in ka ce a yi rajistar a gabanka. Alhaji, ka zaunar da shi kusa da kai. A buɗe asusun da imel ɗinka, lambar tabbatarwa ta shigo wayarka, kalmar sirri kai za ka sa da hannunka, ka rubuta ta a littafin da kake ajiye lissafi. Ko .com ne ko .ne na ƙasarmu, a gurbin mai suna a rubuta naka. In ya fara cewa abin da wuya, ba za ka gane ba, ka riƙe kuɗinka.

Wanda kuma aka riga aka yi wa, ya shiga lookup.icann.org ya rubuta sunan shafinsa. Zai ga kamfanin da aka yi rajista a wurinsa da ranar da wa'adi zai ƙare, kodayake sunan mai shi galibi a ɓoye yake. Tun kuna shiri da yaron, kafin maganar kuɗi ta shiga tsakani, ka nemi ya maido sunan cikin asusunka ko ya ba ka lambar sirrin canja kamfani. Sai dai ba a canja kamfani sai rajista ta cika kwana 60. In ya ƙi, ko ya sa maka farashi a kan abinka, kada ka goge hirarku, ka adana takardar tura kuɗin, ka kai ƙara wurin 'yan sandan binciken laifuka (PJ). Tun 2019 Nijar na da dokar hukunta laifukan intanet.