Keke, na'urar tafiya ko kujerar kafinta: me za a saya wa tsoho?

Da zarar Baba ko Inna sun fara dafa bango kafin su kai ban ɗaki, hankalin ƴaƴa kan tafi ga na'urar motsa jiki, musamman masu aiko kuɗi daga waje. Kafin a zuba jikkuna, a duba abin da kowane kaya ke iya yi.

Na'urar tafiya mai lantarki, wadda mutum ke takawa a kan shimfiɗarta tana gudu, ta fi tsada, kuma ita zan fara cirewa. Wanda ya daɗe iyakarsa daga ɗaki zuwa tabarma, ba a ɗora shi kan abin da ke gudu da kansa. Ga shi wuta na iya ɗaukewa yana tsakiyar taku, ɗan Yamai kuwa ya san halin wuta a lokacin zafi. Keken da ake tuƙawa a wuri ɗaya ya fi ta dama: yana ƙarfafa cinya da zuciya, galibi ba ya son lantarki. Sai dai a zaune ake tuƙa shi, matsalar tsoho kuwa a tsaye take.

Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, a shawarwarinta na 2020 ta ce mai shekara 65 zuwa sama ya riƙa motsa jikin da ke gyara tsayuwa da ƙarfin tsoka aƙalla kwana 3 a mako. Kujera ta isa wannan aiki, in an zaɓe ta da kyau. Ta roba, irin ta biki, ƙafafunta na buɗewa kuma tana zamewa kan siminti. A sa kafinta ya yi ta katako mai nauyi, mai majingina, wadda in tsoho ya zauna tafin ƙafarsa zai kwanta a ƙasa. A jingina ta da bango: ya tashi, ya zauna sannu a hankali. Sannan ya riƙe bayanta ya ɗaga dunduniya, ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya jera ƙafa gaban ƙafa. Yau hannu biyu, bayan makonni yatsa ɗaya.

Irin waɗannan ne ƙashin bayan tsarin Otago na ƙasar Niyuzilan, wato tsarin motsa jikin tsofaffi don rage faɗuwa, wanda ke haɗawa da nauyin da ake ɗaurawa a idon sawu. Wannan ma tela zai ɗinka: ƴar jaka, a cika ta da yashin rabin kilo.

Ragowar kuɗin a kai su ga takalmi mai rufe dunduniya, don silifas ba abokin wannan aiki ba ne. In zai riƙe sanda, mariƙinta ya zo daidai wuyan hannu yana tsaye, da roba a gindi. Mai hawan jini, ko mai jin jiri in ya miƙe, ya fara ganin likita, don wani lokaci maganin da yake sha ne ke kawo jirin.