Kafin ka zaunar da motarka ƙasa: sifirin da shokozoba, ko koiloba?

Duk wanda ya ga Accord ko Golf ko BMW an zaunar da ita, taya ta cika gurbinta babu wannan wawakeken filin tsakanin taya da bodi, ya san abin yana da kyau, kuma ba kyau kaɗai ba, motar da nauyinta ya matso ƙasa ta fi zama daram a kwana, ba ta yawan kwanciya gefe ɗaya. Matsalar ita ce yawancin masu sha'awar abin sifirin kawai suke tunani, su manta da shokozoba, alhali su biyun aiki ɗaya suke yi tare. Sifirin shi ke ɗauke da nauyin mota kuma shi ke yanke tsayinta daga ƙasa, shokozoba kuma shi ke hana sifirin ɗin yin ta lilo bayan an faɗa rami. In ka canza ɗaya ka bar ɗayan yadda yake, to ka raba abin da kamfani ya auna ya haɗa.

Hanyar da ta fi arha ita ce a yanke sifirin da garanda ko a gasa shi da wutar walda har ya lotsa. Don Allah kar ka yi. Wuta tana kashe ƙarfin ƙarfen, wata rana ya karye kana cikin gudu, yankan kuma da wuya ɓangarorin biyu su zo daidai, sannan gajeren sifirin yana iya zamewa daga mazauninsa lokacin da taya ta sauka cikin rami. Wannan ba ya cikin zaɓi, na ambace shi ne saboda shi wasu kanikawa za su fara kawo maka.

Zaɓi na gaskiya na farko shi ne sifirin da aka ƙera gajere tun daga kamfani. Sunayen da aka fi sani Eibach da H&R, dukkansu asalinsu Jamus. Eibach Pro-Kit yawanci yana sauke mota kamar milimita 25 zuwa 40 gwargwadon motar, Sportline ɗinsu kuma ya fi haka sauka. Suna da ɗan tauri fiye da na asali don kar motar ta riƙa buga ƙasa tunda tazarar ta ragu. Kuɗinsu da sauƙi, haɗawa ba wuya, kuma babu wani abin murɗawa da zai lalace daga baya. Amma fa ga inda mutane ke faɗawa: su ɗora sabon gajeren sifirin a kan tsohon shokozoban da ya riga ya sha gargada shekara da shekaru. Shokozoban asali an yi shi ne ya yi aiki a tsakiyar tafiyarsa, da ka sauke mota ya koma yana zaune a danne, tazarar da ta rage masa kaɗan ce, ga sifirin mai tauri da ba zai iya riƙewa ba, sai ka ga motar tana tsalle tsalle a titi, ba a jima ba mai ya fara yoyo a jikinsa. Ko sabon KYB Excel-G ka saya, wanda shokozoba ne mai kyau ƙwarai, an yi shi ne don tsayin asali, zai iya jure ɗan saukewa kaɗan amma ba aikinsa ba ne.

Shi ya sa ni in za a bi ta kaina, ga mai motar hawa ta kullum, zaɓi na biyu ya fi: gajeren sifirin tare da shokozoban da aka yi dominsa. Bilstein B8 an gajarta shi musamman don motar da aka sauke, B6 kuma na tsayin asali ne, kar mai shago ya ce maka ai duk ɗaya ne don dukkansu rawaya ne. Akwai ma B12, wanda kit ne guda, shokozoban Bilstein da sifirin ɗin Eibach da aka riga aka gwada su tare, ba sai ka yi ta canki-canka ba. Koni Sport shi ma rawaya ne, kuma ana iya murɗa shi a ƙara ko a rage ƙarfin da yake riƙe sifirin lokacin dawowa sama. Abin da ka rasa a wannan hanyar abu ɗaya ne, tsayin da sifirin ya ba ka shi ke nan, in ka ga ya yi ƙasa da yawa ko bai kai yadda kake so ba sai dai ka sake sayen wani.

Sai koiloba. Wannan shokozoba ne da sifirin a haɗe, jikin shokozoban yana da zare irin na noti, da wasu zobba da ake murɗawa da sufana ta musamman a ɗaga mota ko a sauke ta. Nan ne ake buƙatar nutsuwa sosai don kalmar koiloba ta haɗa kaya masu kyau da tarkace, kuma a hoto duk sheƙi suke.

Abu na farko da za ka duba, ta ina ake canza tsayin. A wasu, mazaunin sifirin ɗin ake murɗawa ƙasa, to duk saukewar da ka yi kana cinye tazarar shokozoban ne, shi ya sa kamfanoni irin KW da Bilstein suke rubuta iyakar da ba za ka wuce ba, in ka tsaya cikinta lafiya lau. A wasu kuma kamar BC Racing BR na Taiwan da Tein Flex Z na Japan, gindin shokozoban gaba ɗaya ake murɗawa, tsawon ya ragu ba tare da an taɓa sifirin ba, tazarar tana nan yadda take. Wannan ya fi ba ka 'yanci, sai dai kuma ya fi ba ka damar yin ɓarna, don za ka iya sauke motar har taya ta fara gogar bodi ko shaf ya karkace.

Na biyu taurin sifirin, ana rubuta shi da kilo a kan milimita. Ƙananan motoci da yawa na asalinsu bai wuce 2 zuwa 3 ba, koiloba kuma sai ka ga 6, 8, har 10. Wancan 10 ɗin a filin tsere mai santsi daɗi ne, amma a titin da ke da faci da ramuka da tudun rage gudu kowane layi, bayanka da dashbod ɗinka ne za su biya. Kuma mota mai tauri fiye da kima ba ta ma kama titi da kyau a gargada, tayar tana tashi daga ƙasa maimakon ta bi shi. In mai sayarwa ya kasa gaya maka lambar taurin kayan da yake sayar maka, bar masa abinsa.

Na uku maganar kilik, wato matakan da ake murɗawa a ƙara wa shokozoba tauri ko taushi. BC BR yana da mataki 30 na taushi da tauri, Flex Z yana da 16, Bilstein B14 tsayi kawai ake canzawa, B16 an ƙara masa mataki 10. A KW kuma V1 tsayi kawai, V2 an ƙara saitin dawowa sama, V3 kana saita dannawa daban dawowa daban. Gaskiya yawan kilik ba shi ne inganci ba. V1 ko B14 da injiniyoyi suka saita wa takamaiman motarka suka rufe, sau da yawa ya fi wani mara suna mai kilik 32 da in ka murɗa tun daga farko har ƙarshe da kyar ka ji bambanci, ko kuma na hagu da na dama su ƙi zuwa ɗaya. V3 na wanda ya san me yake nema ne, in ba ka shiga fili da motar kuɗin ya fi amfani a tayoyi masu kyau.

Za ka kuma ji ana cewa monotub da tuwintub, wato mai bututu ɗaya da mai biyu. Mai ɗaya fistin ɗinsa ya fi faɗi kuma ya fi saurin huce zafi, abin da ke da amfani a doguwar tafiya cikin rana a hanya mara kyau, amma in dutse ya lotsa jikinsa ya gama aiki. Mai biyu yawanci ya fi taushi a ƙananan gargada kuma bututun waje yana kare na ciki. Kowanne akwai mai kyau, kar wannan ya tsayar da kai.

Wanda nake jin tsoro su ne koiloban dala 200 zuwa 300 da ke cike intanet, da kuma waɗancan bututun ƙarfe masu zare da ake zura wa shokozoban asali. Na kirki saiti ɗaya yana kaiwa dala 1,000 ko sama, kafin kuɗin jirgi da kwastan, to wanda ya zo a kashi ɗaya cikin huɗu na wannan kuɗin a wani wuri aka rage, kuma yawanci a cikin shokozoban ne inda ido ba ya gani. Na tokumbo da za ka iya cin karo da su a kasuwannin kayan mota irin Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Ladipo kuma, ka duba sandar ko ta karce ko tana da danshin mai, ka gwada zobban da hannunka ka ga suna murɗuwa, don wanda ya yi zama a ƙasar da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara zarensa yakan ci tsatsa ya kafe, ka sayi koiloban da ba ya motsi. Ka kuma tambayi kanka in guda ɗaya ya fashe ina za ka samu madadinsa, BC suna sayar da cikin daban, da yawa marasa suna sai dai ka sake saiti.

Motarka ma tana da ta cewa. Camry da Corolla gabansu sitrot ne, wato shokozoban da shi kansa ke riƙe da tayar daga sama, koiloba mai farantin saita kwanciyar taya a sama yana musu amfani. Accord ta 2003 zuwa 2012 gabanta hannu biyu ne sama da ƙasa, wannan farantin ba ya mata aiki, hannun saiti daban za ka nema in saukewar ta yi yawa. Golf 4 bayanta sifirin daban shokozoba daban. Peugeot 206 kuwa babu ma sifirin naɗe a bayanta, sandar toshan ce, wato sandar ƙarfe mai murɗuwa da ke yin aikin sifirin, ita ake zarewa a sake saitawa. Saboda haka ka saya da shekarar mota da lambar bodinta da girman injinta, don mai silinda 6 ta fi mai 4 nauyi a gaba.

Nawa za a sauke? Salun da yawa tsakaninsu da ƙasa santimita 14 zuwa 15 ne, in ka cire 5 ka ɗauki mutum huɗu da kaya a but, tukunyar man inji da salansa suna dab da kowane tudu, ga damina da ruwa ke kwanciya a titi. A hanyoyinmu ni ba na ba da shawarar wuce milimita 25 zuwa 35.

Ka ware kuɗin abubuwan da ke biyo baya tun kafin ka saya. Robar saman shokozoba da boris ɗinta da gajerun robobin tsayawa a canza su lokaci ɗaya, bushin da boljoyin da suka gaji a fitar da su. Ka ce wa bakanike kar ya ɗaure notin bushin sai motar ta sauka a kan tayoyinta, in ya ɗaure tana rataye a jak robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri. Ka ɗan yi yawo da ita sifirin ya zauna sannan a kai ta alaimen na kwamfuta, don sauke mota yana karkatar da bakin tayoyi ciki ko waje, kuma wannan ya fi komai saurin cinye sabuwar taya. A sake saita fitilun gaba, a shafa wa zaren koiloba man hana kafewa kuma a riƙa wanke ƙura daga jikinsa kafin a murɗa. Tsofaffin sifirin da shokozoban kuma ka ajiye su a gida, mai sayen mota a nan yakan fi son ta a tsayinta na asali.